Zanen tsuntsaye na tsofaffin mujallu: gane na asali da adana shi a Saudiyya

Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa wajen 1970, idan mujalla tana son hoton tsuntsu mai launi, sau da yawa mai zane take nema, ba mai kyamara ba. Fim ɗin launi na lokacin yana buƙatar haske mai yawa. Kodachrome, wanda ƙwararru suka fi amfani da shi, ƙarfinsa 10 ne kacal a ma'aunin ASA, wato ma'aunin saurin kama haske, sai a 1961 aka fito da mai 25. Tsuntsu kuwa ba ya tsayawa ya jira kowa. Mai zane kuma yana iya jera namiji da mace da ɗan tsako a shafi ɗaya, ya juya kowanne ta gefen da alamarsa ta fi fitowa, abin da kyamara ba za ta yi ba ko an kwana a daji.

Abin da ya kamata mai sha'awar tara waɗannan zane-zane ya riƙe tun farko shi ne, ba don a rataye su a bango aka yi su ba. Kayan aiki ne na maɗaba'a. Mai zane ya gama, a ɗauki hoton aikinsa ta matatun launi, a raba shi gida huɗu (shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi), a yi farantan bugu, shi ke nan amfaninsa ya ƙare. Wasu an mayar wa masu su, wasu sun yi shekaru a sito, da yawa an zubar. Wannan asalin nasu shi ke nuna maka na gaskiya daga na jabu, shi ne kuma dalilin da ya sa suke saurin lalacewa, musamman a irin yanayin da muke ciki a Jidda da Makka da Riyad.

Sunayen da za ka yi ta cin karo da su a kasuwa ba su da yawa. A Amurka akwai Charley Harper na Cincinnati, wanda ya rasu a 2007. Ya yi shekaru da dama yana yi wa Ford Times zane, wata 'yar ƙaramar mujalla ta kamfanin motoci na Ford. Salonsa na da'ira da kusurwa da layi miƙaƙƙe ne, launi shimfiɗe ba inuwa, shi da kansa ya ce fukafukai yake ƙirgawa, ba gashin tsuntsu ba. Akwai Walter Weber, mai zanen National Geographic daga 1949, da Arthur Singer, da Don Eckelberry, da Roger Tory Peterson wanda jagoransa na gane tsuntsaye ya fito a 1934. A Ingila, Charles Tunnicliffe ne ya riƙa zana bangon Bird Notes, mujallar ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, kuma a tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar ta sayar da fiye da ɗari na ainihin zanen a gwanjon Sotheby's, shi ya sa har yau suke yawo a hannun mutane.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne David Reid-Henry, almajirin mai zanen tsuntsaye George Lodge. Reid-Henry mutum ne da ya san shaho a hannu domin shi ma yana farauta da shi. Shi ya zana hotunan littafin Birds of the Sudan na Cave da Macdonald da ya fito a 1955, kuma akwai aikinsa a Birds of Arabia na Meinertzhagen na 1954. Bahaushe idan ya buɗe na Sudan ɗin zai ga 'yan gida: shamuwa, gauraka, cilakowa, burtu, tuje. A ganina Reid-Henry ya fi yawancin tsararrakinsa iya zana ƙafar tsuntsu mai farauta da yadda nauyinsa ke sauka a kan reshe. Sai dai a yi hattara da rubutun Meinertzhagen, domin daga baya an tabbatar ya saci fatun tsuntsaye daga gidajen tarihi ya canja musu bayanin inda aka samo su. Laifin marubucin ne, bai shafi ingancin zanen ba.

Yanzu ga aikin ganewa. Kayan da kake buƙata ba su wuce huɗu ba: gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu sayar da zinari, ƙaramar tocila, rula mai santimita, da fitowar mujallar da aka ce an buga zanen a ciki, ko hotonta mai kyau.

Fara da gilashin. Ka ɗora shi a wurin da launi ya yi tsaka-tsaki, kamar ƙirjin tsuntsun ko sararin samaniya, kada ka zaɓi wurin da ya yi baƙi ƙirin. Idan ka ga ɗige-ɗige a jere cikin tsari, suna haɗuwa suna yin ƙananan furanni, to bugun maɗaba'a ne. Mujallu masu takarda mai sheƙi suna buga layin ɗigo 120 zuwa 150 a kowane inci, ido ba ya gani amma gilashin yana gani sarai. Idan ɗige-ɗigen ƙanana ne ƙwarai kuma a warwatse ba tsari, firintar zamani ce mai fesa tawada, komai kaurin takardar da komai kyan sa hannun da ke ƙasa. Wannan na biyun shi ya fi cutar mutane a intanet, domin ana buga shi a kan takardar fentin ruwa ta gaskiya, wani lokaci ma a bi ta kai da burushi a ƙara 'yan layuka farare don a yaudari mai taɓawa. Ka duba wurare biyar ko shida, kada ka tsaya a ɗaya.

Akwai wani abu na uku da ke rikita sababbin shiga, wato bugun rariyar siliki, irin dabarar da ake buga rubutu a riguna. Ba shi da ɗigo ko kaɗan, launinsa a shimfiɗe yake kuma yana da ɗan kauri, don haka sai ya yi kama da fentin hannu. Harper ya yi irin wannan bugun na tsuntsayensa, masu karanta Ford Times suna aikawa da kuɗi a turo musu. Suna da daraja tasu, masu tarawa suna nemansu, amma ba su ne ainihin zanen ba, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ana gane su ta bakin launi. Kowane launi an buga shi daban, saboda haka inda biyu suka haɗu za ka ga ɗaya ya ɗan hau ɗaya, ko siririn fili ya rage a tsakani, kuma babu sawun gashin burushi ko ɗaya.

Sai tocila. Kashe fitilar ɗaki, ka kwantar da tocilar kusan daidai da fuskar takardar, haske ya bi ta gefe. Yawancin aikin mujalla na wancan zamani da guwash aka yi shi, fentin ruwa mai kauri wanda ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Sun zaɓe shi domin yana bushewa da wuri, ba ya sheƙi a gaban kyamara, kuma ana iya rufe kuskure da shi. A hasken gefe za ka ga tudu da kwari, sawun burushi, wurin da aka kankare da reza, da tabon farin fenti mai kauri inda aka gyara baki ko ƙafa. Wani lokaci ma za ka ga an yanko sabuwar takarda an liƙa a kan wani sashe, an sake zana kan tsuntsun gaba ɗaya domin edita bai gamsu ba. Bugu shafe yake lumui, ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bayan haka ka auna. Mai zane yakan yi aikinsa ya fi girman da za a buga, sau ɗaya da rabi ko sau biyu, domin idan aka rage shi layuka su ƙara kaifi. Idan bangon mujalla faɗinsa santimita 14 ne kuma abin da ake sayar maka shi ma 14 ne cif, akwai tambaya. Ka kuma gwada tsawo da faɗi. Dole rabonsu ya yi daidai da na bugun, ko kuma zanen ya ɗan zarce ta kowane gefe, domin ana barin rarar da wuƙar maɗaba'a za ta yanke.

Wurin da na fi so mai saye ya daɗe yana dubawa shi ne gefe da baya. A gefen allon, wato kwalin da aka yi zanen a kansa, za ka samu ƙananan layukan yanka a kusurwoyi huɗu, da alamar gicciye cikin da'ira wadda ake daidaita farantan launi da ita, da rubutun fensir, sau da yawa shuɗi mai haske wanda fim ɗin maɗaba'a ba ya ɗauka: a rage zuwa inci kaza, shafi na kaza, fitowar wata kaza. Sau da yawa akwai siririyar takarda mai shara-shara da aka liƙa daga sama ta rufe zanen, edita ya yi rubutu a kanta. A baya kuma akwai tambarin kamfanin da ya yi allon, irin su Bainbridge ko Crescent ko Whatman, da hatimin mujallar, da lambar aiki, wani lokaci da kwanan watan da aka karɓa. Waɗannan su ne shaidar zanen. Abin takaici, su ne kuma abin da mutane suka fi saurin gogewa ko yankewa domin zanen ya yi kyau a firam. Wanda ya yanke gefen allo ya zubar da takardar saman, ya rage wa kayansa daraja da hannunsa, kuma ba a mayarwa. Idan mai firam ya ce bari ya ɗan datse gefe ya shiga, ka ce a yi firam ɗin daidai da allon.

Game da inda ake samu, kasuwannin haraj, wato na gwanjon tsofaffin kaya, irin Sawarikh a Jidda da Bin Ƙasim a Riyad, da shagunan tsofaffin littattafai, wurin neman mujallu ne da bugu, ba ainihin zane ba. Suna da amfani duk da haka, domin a nan za ka iya tsintar tsofaffin National Geographic ko Aramco World, wadda ta fara fitowa a 1949, ka koyi yadda bugun zamanin yake a ƙarƙashin gilashi da kuɗi kaɗan. Ainihin zanen yana fitowa ne a gidajen gwanjo na waje, kamar Heritage a Dallas da Swann a New York, waɗanda ke ware gwanjo na musamman don zanen mujallu da littattafai, sai kuma gidajen gwanjo na Ingila. Kafin ka taya, ka nemi rahoton halin da kayan ke ciki a rubuce, da hoton baya, da hoton zanen a wajen firam, da hoto a hasken gefe. Ka tambayi hannun da ya bi kafin ya iso gare su. Mai sayarwa da ya ƙi cire firam ya ɗauki hoton baya, ka bar masa kayansa.

Ka yi lissafin kuɗi tun kafin zuciya ta ɗauke ka. A ce an buga maka guduma a dala 1,000. Gidan gwanjo zai ƙara ladansa, wanda yakan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye, ya zama 1,250. A ce ɗauri da jigila da inshora sun ci 200, ya zama 1,450. Harajin VAT na kashi 15 cikin 100 a nan zai ƙara wajen 217. Jimla ta haura dala 1,660, wato sama da riyal 6,200 a canjin 3.75, alhali a kanka riyal 3,750 ka taya. Ka ce a turo shi a kwance tsakanin alluna masu tauri, ba tare da gilashi ba, kuma kada a naɗe shi ko da takarda ce mai laushi, domin guwash yana tsagewa idan aka lanƙwasa. Idan ya iso, kada ya zauna a mota cikin rana ko na rabin awa. Ka shigar da shi ɗaki ka bar shi a ɗaure awa 24 kafin ka buɗe, ya saba da sanyin ɗakin a hankali.

Matsalar adanawa ita ce babba a wurinmu. Takarda da guwash suna son laima tsakanin kashi 40 da 55 cikin 100, da zafi wajen digiri 20, kuma abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne kada su riƙa hawa da sauka. Jidda da Dammam laima ce ke kashe kaya. Da zarar ta wuce kashi 65 ta daɗe a haka, fumfuna za ta tsiro, ga jajayen ɗige-ɗige masu kama da tsatsa da ke fesowa a farar takarda, ga kyankyaso da ƙaramin ƙwaron nan mai ruwan azurfa da ke kankare fuskar takarda yana cin gam. Riyad da Madina kuwa bushewa ce. Allon zane takarda ce mai kyau da aka manna a kan kwali mai arha, biyun ba sa shan laima daidai, saboda haka idan iska ta bushe ƙwarai allon yakan bankare, fentin da ya yi kauri ya tsattsage ya fara ɓarewa, farin gyaran nan shi ke fara faɗuwa.

Mafi muni shi ne abin da yawancinmu ke yi da rani: a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kulle gida, a tafi hutu Kano ko Khartum wata biyu. Ɗakin da ya saba da digiri 22 sai ya haura 40, a dawo a kunna sanyi gaba ɗaya. Irin wannan juyi guda ɗaya yana iya yin ɓarnar da shekaru ba su yi ba. Idan tafiya ta kama, a bar mukayyif ɗaya yana aiki a wajen 25, ko a kai kayan gidan ɗan'uwa da ba zai yi tafiya ba. Ka sayi ƙaramin ma'aunin laima na batir, ba shi da tsada, ka ajiye shi cikin akwatin da zanen yake, ba a bangon ɗaki ba. A bakin teku ka sa ƙunshin silika jel mai tsotse laima a akwatin, amma kada ya taɓa zanen, kuma ka riƙa duba ma'aunin kada ya busar da shi fiye da kima.

Turaren wuta ma abin lura ne. Hayaƙinsa yana da maiƙo, yana sauka a kan fenti marar sheƙi ya kama ƙura, kuma guwash ba ya wankuwa, ɗigon ruwa ɗaya yana narkar da shi ko bayan shekara 70. Ɗakin da ake turare kullum ba wurin buɗaɗɗen zane ba ne. Haka bangon da ke fuskantar rana ta waje, da ƙarƙashin mukayyif inda ruwa kan ɗiga, da bangon da ke jingine da banɗaki.

Wasu daga cikinmu ba za su rataye hoton abu mai rai a bango ba, kuma malamai sun yi magana a kan mas'alar, kowa ya koma wa malaminsa. Ta fuskar adanawa dai, akwati ya fi bango nesa ba kusa ba. Haske yana cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Masu zanen mujalla da yawa sun yi amfani da rinin ruwa mai kaifin launi, irin na Dr. Ph. Martin's, wanda aka yi don kyamara ba don daɗewa ba. Ja da ruwan hoda da shunayya su ke fara gushewa, sai ka ga tsuntsu mai jan ƙirji ya koma ruwan ƙasa. Idan kana da mujallar, ka jera su ka gani. Wani lokaci bugun ne zai nuna maka launin da zanen ya rasa. A akwati, a kwantar da su a kwance, kowanne cikin fayil na takarda marar asid, kada a jibga fiye da goma a kan juna, manya a ƙasa. Kada a sa su cikin leda mai mannewa, domin tana janyo ɓarɓashin fentin da ya saki. Akwatin kuma ya kasance a kan kanta, ba a ƙasa ba.

Wanda zai sa firam, ga abin da zai gaya wa mai shago, kuma ya tsaya a yi a gabansa. Kwalin da ke zagaye zanen ya zama na auduga zalla marar asid, kaurinsa milimita 1.5 aƙalla, 3 ya fi idan fentin yana da tudu, domin kada gilashi ya taɓa fenti. Kwali mai arha yana barin layi ruwan ƙasa a zagayen zanen bayan 'yan shekaru. Gilashi ya zama mai tare hasken UV, wato sashen hasken da ido ba ya gani mai cin launi. Allo mai nauyi ba a manna shi, ana yi masa gurbi daidai girmansa a zaunar da shi ciki. Takarda marar nauyi kuwa ana rataye ta daga sama kawai da 'yan maƙalai biyu na takardar Japan da kokon sitacin alkama: awo ɗaya na sitaci, awo biyar na tataccen ruwa, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi shara-shara, a bari ya huce, a tace. Amfaninsa shi ne ƙwararre zai iya cire shi daga baya ba tare da ya bar tabo ba. Ba salatif, ba farin gam, ba lamineshan. Lamineshan kisa ne ga zane, ba a warware shi. Hasken da ya dace a wurin ratayewa lux 50 ne, wato ɗaki mai dishi-dishi, kuma bayan wata uku a sauke shi ya huta a akwati.

Kusan kowane zanen mujalla za ka same shi da tabon gam ɗin roba, wanda ma'aikatan maɗaba'a ke liƙa takardar sama da rubutu da shi. Da tsufa yakan koma ruwan ƙasa, ya ratsa takarda, ya daina riƙewa, abin da aka liƙa ya faɗo. Kada ka kankare, kada ka sa fetur ko tina. Abin da ya faɗo ka saka shi a ambulan marar asid, ka rubuta da fensir daga inda ya fito, ka ajiye tare da zanen. Takardar saman idan ta yi rawaya tana gogar fenti, ka zura farar takarda marar asid a tsakaninsu, ko ka ɗauki hoton yadda take kafin ka ware ta a fayil ɗinta. Idan fumfuna ta kama, ka raba zanen da sauran nan take, ka bar shi a buɗe a busasshen ɗaki marar rana, kada ka goge da ƙyalle domin gogewa tana tura ta cikin fenti. Cire tabo da manne fentin da ke ɓarewa aikin ƙwararren mai gyaran takarda ne, kuma kafin ka ba shi ka nemi ya rubuta maka abin da zai yi da sinadarin da zai sa.

Kowane zane ya samu fayil nasa na bayani: rasit, shafin kundin gwanjo, hoton gaba da baya a ranar da ya iso, girmansa a santimita, sunan mujalla da wata da shekara da lambar shafi, da fitowar mujallar kanta idan ta samu. Mujallar a ajiye ta daban, domin takardarta mai asid ce, za ta ɓata abin da ta jingina da shi. Ka kuma rubuta sunan tsuntsun na kimiyya tare da na Hausa da na Larabci idan yana da su, alhudahuda ne ko balbela ko shirwa, domin tsofaffin sunayen Ingilishi da ke bayan allo da yawa an canja su. Mallakar zanen ba ta ba ka izinin buga shi a riga ko kalanda ko kati ka sayar. Wannan haƙƙin yana hannun magadan mai zanen ko mujallar, sai ka nemi izininsu a rubuce.